Kiran da Safiatu Ta Yi a Bakin Kogin Bronx

Ranar wata Talata a ƙarshen Nuwamba, Safiatu ta fito daga gidansu na Parkchester da jakar cefane a hannu, kamar mai zuwa sayen albasa. Ƙarfe huɗu ta ɗan gota. A irin wannan lokaci rana ba ta da haƙuri a New York, kafin mutum ya naɗe dardumar la'asar ta fara tattara kayanta. A cikin jakar akwai babban cokalin miya na ƙarfe, da kwalbar ruwa, da wani ɗan ƙunshi a farin ƙyalle wanda ya sandare da sanyin firiza. Auta ne a cikin ƙunshin, za ta je ta binne shi.

Feret ake kiran irinsu a nan. Wanda ya san tunku ya kusa saninsa: dogon jiki, gajerun ƙafafu, ga baƙi zagaye da idanu kamar an rambaɗa masa kwalli. Safiatu 'yar zangon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma a wurin aikin ta gaje shi. Wata tsohuwar Baturiya da ta yi jinya a Yonkers ce mai shi. Da tsohuwar ta rasu, 'ya'yanta suka zo suka raba kujeru da hotuna, aka bar dabban a keji ba mai ko kallonsa. Safiatu ta ji suna shawarar a kai shi a yi masa allurar da ba a tashi. Sai ta matsa kusa da kejin. Ta buɗe jakarta, ya shige da kansa, ta hau bas da shi.

Dokar birnin nan ta hana ajiye irinsa a gida, don haka shekara biyar tana ɓoyonsa daga masu kula da bene. Ɗanta guda, Yussif, yana can Kumasi da iyalinsa, rabonta da shi shekara goma sha ɗaya. Sai ta sa wa wannan suna Auta, ba ta kuma ji kunyar kowa ba. Ɓarawo ne na ƙin ƙarawa. Ba safa, ba silifas, ba carbi, duk abin da ya ɓace a gidan, a duba ƙarƙashin doguwar kujera. In ta dawo daga aiki a gajiye, ƙafafu sun kumbura, zai fito yana tsalle a karkace yana ƙut-ƙut-ƙut kamar kaza mai 'ya'ya, sai ya haye jikinta ya shige hannun rigar sanyinta na hagu ya yi barci, kansa a kan tsintsiyar hannunta. Wallahi mutane da yawa a garin nan ba su da mai yi musu irin wannan maraba.

Sai tsufa ya kama shi. Gashin wutsiya ya zube, ƙafafun baya suka daina ɗaukarsa. Ranar da zai tafi ya yi wani siririn kuka sau uku a tafin hannunta, shi ke nan.

Babu wanda ya yi mata ta'aziyya, ko mutum ɗaya. Rabi, 'yar garinsu da suke zaune gida ɗaya, mai sayar da jakunkuna a Canal Street, ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai "ɓeran nan naki". Da ta tarar da Safiatu tana kuka a kicin, cewa ta yi mutane na mutuwa a gida kullum ana aiko da hotuna a waya, ita kuma ta zauna tana zubar da hawaye a kan ɓera, ta ji tsoron Allah. Safiatu ta haɗiye kukanta. Abin da take so bai taka kara ya karya ba, wani ya dube ta ya ce Allah ya ba ta haƙurin Auta, amma ba ta samu ba. Ta kasa jefa shi a shara, ba ta kuma da ƙasa ko taki ɗaya a Amurka, sai ta naɗe shi ta tura can bayan firiza. Kwana goma sha tara yana nan. Da safiyar Talatar nan Rabi ta je ciro naman akuya, hannunta ya faɗa kan ƙunshin, ta warware. Ihun da ta yi har maƙwabta sai da suka buga bango. Ta rantse in ta dawo daga kasuwa ta same shi, ita da kanta za ta zura shi a bututun shara.

Abin da ya fito da Safiatu ke nan. Ta hau jirgin ƙasa mai lamba shida, ta rungume jakar a cinya, sanyin ƙunshin na ratsa zaninta. Ta sauka a Whitlock Avenue ta gangara wurin shaƙatawar da ke bakin kogin Bronx, inda wasu tsofaffin rumbunan siminti suke tsaye an shafe su da jan fenti. Da gangan ta zaɓi yamma, don kada a ga baƙar mace tana haƙa rami a filin hukuma a kira mata 'yan sanda. Wani mai keke ya wuce ta. Bayansa ba ta ƙara ganin kowa ba.

Ta bar hanya ta kutsa cikin busasshiyar ciyawa har gindin wata bishiya da ta sunkuya kan ruwa. Wurin na warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Sama ta yi ja, sannan jan ya fara dusashewa. Safiatu ba yarinya ba ce, ta san abin da ake nufi da magariba a bakin ruwa, ta san kuma gindin bishiya ba ya rasa masu shi. Ta yi sallama a hankali. Ta yi bisimilla kafin ta kafa cokali a ƙasa, ta nemi gafarar duk wanda ke wurin, ta ce ba ta zo da cuta ba, ajiya kawai za ta yi ta tafi. A nan dai ba ta bar komai ba.

Ƙasar ta yi tauri. Cokalin ya lanƙwashe, ta miƙe shi da gwiwa, ta ci gaba har ramin ya kai kusan kamu ɗaya. Ta buɗe ƙyallen ta duba fuskarsa. Ƙanƙarar da ke gashin bakinsa ta fara narkewa, sai ya zama kamar ya sha ruwa bai goge ba. Nan kukan da ta danne kwana goma sha tara ya ƙwace mata. Ta yi shi sosai, da majina da komai, ba mai ce mata ta ji tsoron Allah. Ta kwantar da shi, ta mayar da ƙasa, ta yayyafa ruwan kwalbar, ta ɗora dutse don kada karnuka su tono.

Akwai abin da matan gidansu ke yi a Kumasi. In mace ta je wani wuri da jariri, ko bakin rafi ko gidan suna, ba ta tashi haka nan kawai. Sai ta kira sunan yaron ta ce ya taho su tafi gida, don kada kurwarsa ta tsaya a baya tana wasa. Haka uwarta ta yi mata, haka ta yi wa Yussif. Da Auta ya zo hannunta sai bakinta ya ci gaba da abinsa. In ta kai shi wurin likitan dabbobi a Yonkers, ko ta fita da shi shan iska a ɓoye cikin riga, ba ta taɓa barin wuri ba ta faɗa ba. Shekara biyar ba fashi.

Ta miƙe tsaye. Ta karkaɗe gwiwoyinta, ta ɗauki jaka. Ba ta yi tunani ba, bakin ne ya yi aikinsa.

"Auta, taho mu tafi gida."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa, da inda ta faɗe shi, da lokacin. Ta dafe baki. Ina, ai ta riga ta fita.

Wurin ya yi tsit. Motocin da ke gudu a babban titi can sama, waɗanda ba sa yin shiru dare da rana, ta daina jinsu. Ko ruwan ya bar motsi.

Ta juya ta fara tafiya. Taku ɗaya, biyu, uku.

A bayanta busasshiyar ciyawa ta yi ƙaras.

Ta tsaya, abin ya tsaya. Ta ɗaga ƙafa, ya biyo. Ba takun mutum ba ne, ba na kare ba. Ɗan gajeren tsalle ne a karkace, wanda ta san shi fiye da takun kowa a duniya.

Sannan warin ya iso. Rabi ƙarni take ce masa, ta ƙone turaren wuta ba adadi a kansa. A hancin Safiatu kuwa kamar gasasshiyar masara ce da ta kwana a bargo. Kwana goma sha tara tana shinshina tsummansa tana neman warin nan, yana ta raguwa. Ga shi yanzu sabo, da ɗuminsa.

Ƙut-ƙut-ƙut.

Ya kamata ta ruga. Ta san ya kamata. Amma ku gaya mini wanda zai ji muryar abin da ya rasa a bayansa ya ruga. Ta tsuguna, ta sauke hannun hagu ƙasa, ta buɗe bakin hannun rigar kamar yadda ta saba. Ba ta waiwaya ba. Tana tsoron ta waiwaya ta ga ba kowa.

Wani abu mai laushi ya taɓa yatsunta. Ya shinshina. Ya sulale ya shige hannun rigar, ya juya a ciki, ya kwantar da kai a kan tsintsiyar hannunta.

Safiatu ta rungume hannun a ƙirji. Ta san ƙasa ta rufe Auta, da hannunta ta rufe, ga laka nan a faratanta. Ta sani sarai. Ta ce a ranta ko ma mene ne, a bar mata shi zuwa tasha kawai. Zuwa tasha, ba ta roƙi fiye da haka ba.

Ta kama hanya. Fitilun tashar na can sama ta hannun dama, tana hangensu. Tana tafe tana yi masa raɗa, tana ba shi labarin yadda gidan ya zama ba shi, yadda safarta ta daina ɓacewa, yadda take buɗe ƙofa a hankali har yanzu don kada ta buge shi.

Hannun ya fara nauyi.

Auta bai fi nauyin ƙullin gari ba, da ciwo ya ci shi ma bai kai ba. Wannan ya kai nauyin jariri. Jim kaɗan ya wuce haka. Kafaɗarta ta karkace. Hannun ya zame daga ƙirjinta ya miƙe gaba, yana janta a hankali, yadda yaro ke jan uwarsa zuwa wurin mai alewa.

Ta ɗaga kai. Fitilun tashar sun koma bayanta.

Sanyi ya cije ta a ƙafa. Ta duba ƙasa. Ruwa ne, baƙi ƙirin, ya rufe takalmanta ya kai idon sawu. Ba ta san lokacin da ta shiga ba.

Ta kai hannun dama ta lallaɓa cikin rigar. In ta taɓa ƙirjin Auta, zuciyarsa kan buga da sauri kamar ƙaramin agogo. Ta taɓa gashi. Ta taɓa ɗumi. Ta danna, ta jira.

Babu bugu.

Sai abin ya riƙe mata tsintsiyar hannu.

Ba farata ba ne. Yatsu ne, sirara, dogaye, guda huɗu ta sama, babban yatsa ta ƙasa. Suka zagaye hannun suka haɗe.

Ruwa ya kai ƙwauri.

Daga cikin hannun rigar aka yi magana, ƙasa-ƙasa. Muryarta ce. Tata ta kanta, da lallashin da take sawa a ciki, da dashewar kukan da ta gama yi yanzu.

"Safiatu, taho mu tafi gida."

Bakinta ya buɗe. Na'am ta taso mata har maƙogwaro, don duk wanda aka yi wa tarbiyya in an kira shi amsawa yake. Ta cije harshe sai da ta ji gishirin jini.

Aka sake kira. Aka ƙara ja.

Ruwa ya kai gwiwa.

Ta nemi a'uziyya, ta zo mata a guntule. Ta kama zif ɗin rigar da hannu ɗaya, ya cije. Ta fizga, ya yage. Ta zare hannun dama, ta juye rigar ta kan kafaɗa, amma na hagu ya ƙi fita, yatsun sun nutse a namanta.

"Ba kai na kira ba," ta ce, haƙoranta na haɗuwa. "Ba kai ba ne. Sake ni."

Muryar ta ɗauke.

Sai ya yi kukan. Siririn kukan nan na ranar ƙarshe, wanda Auta ya yi a tafin hannunta.

Sau ɗaya.

Wayyo, da duka aka yi mata da ya fi sauƙi. Hannunta na dama ya tafi da kansa zai shafa shi.

Sau biyu.

Ta rufe ido, ta kira sunan Allah da iyakar ƙarfinta, ta taka rigar da ƙafa a cikin ruwan, ta fizge hannunta. Fata ta bi yatsun. Ta faɗi da baya cikin laka.

Jirgi ya taho kan gada da rugugi, fitilunsa suka zubo kan kogin. A cikin hasken ta ga rigarta tana tafiya tsakiyar ruwa. Ba bin ruwa take ba, gaba da shi take yi, hannun hagu a cike, a ɗage sama.

Ta rarrafa ta fita. Ta ruga, ba jaka, ba takalmi ɗaya. Tana hawa matakalar tasha ta ji kukan na uku daga nesa, siriri, yana kiranta. Ba ta tsaya ba, kuma har yau ba ta yafe wa kanta wannan ba, duk da ta san ba shi ba ne.

A jirgi mutane suka matsa suka bar mata kujera uku, ba wanda ya tambaye ta komai. Rabi ce ta buɗe mata ƙofa. Ta ga mace jiƙe sharkaf zuwa ƙugu a cikin wannan sanyi, ba riga, hannu na jini, ta tambaya ko ɓarayi ne. Safiatu ta ce faɗuwa ta yi. Daga nan zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida.

Ciwon ya warke ya bar tabo biyar, huɗu a sama ɗaya a ƙasa. In rana ta kusa faɗuwa hannun kan yi sanyi tun daga gwiwa, ko da tana tsaye a gaban murhu. Wannan duk mai sauƙi ne. Wata rana da yamma tana wanke-wanke ita kaɗai, kewa ta taso mata, ta ambaci sunansa a hankali, ba kira ba, ambato kawai. Kafin ta rufe famfo aka fara karce ƙofar gidan daga waje, can ƙasa daidai tsayin idon sawu. Hawa na bakwai suke. Ta tsaya da kumfa a hannu tana karanta duk abin da ta haddace har aka daina. Tun ranar sunan bai ƙara fita daga bakinta ba, ko a addu'a.

Rabi ba muguwa ba ce, bakinta ne ya fi zuciyarta sauri. Ita ta yi jinyar kwana shidan nan, ta kuma ga yadda Safiatu ta rame, ta daina hira, ta koma zama tana kallon ƙarƙashin doguwar kujera. Abin ya dame ta. Ranar wata Juma'a ta tashi kasuwa da wuri, ta dafa shayi mai citta ta kawo, ta zauna kusa da ita a bakin gado. Hasken taga ya fara yin ja. Ta daɗe tana juya kofi a hannu kafin ta ce ita fa ba ta san abin ya kai haka ba, ta yi kuskure, a yafe mata. Ta ce ko ba komai ɗan tahalikin nan ya sa gidan dariya, ita ma takan tuna ranar da ya sace mata ɗan kunne ta yi ta zagin mutanen Canal Street a banza. Sannan ta gyara mayafi, ta kama hannun Safiatu biyu, yadda ake yi a gidan makoki.

"Yaya, ban yi miki gaisuwa ba, yau na zo yi. Ya haƙuri? Allah ya ba ki haƙurin Au..."

Safiatu ta kai tafin hannu ta toshe mata baki.

Shayin ya zube a kan zanin gado. Rabi ta zaro ido. Safiatu na girgiza kai, hawaye na gangarowa har haɓa, hannunta mai tabo yana kan bakin mutum ɗaya tak da ta taɓa zuwa yi mata ta'aziyya. Suka zauna a haka su biyu, ba mai motsi, kunnen Safiatu na wajen ƙofa.

Sai da duhu ya gama shiga ta sauke hannun.

"Na gode, Rabi," ta ce a hankali. "Ki ci gaba da ce masa ɓera."